Zobe Ɗaya A Wuyan Kwalba: Darasi Kan Haɗa Ruwan Ma'auni



Darasinmu na wannan fitowa na ɗaliban kimiyya ne, musamman waɗanda ke shirin jarrabawar aikin hannu ta kemistiri. Amma wanda ba ɗalibin kimiyya ba ma kada ya wuce shafin, domin magana ce ta awo, kuma babu ɗan zango da bai san rigimar awo ba. A aiki yaro kasuwa sayen olonka ɗaya ta masara, ya dawo, uwa ta juye a tata olonkar, ta ga bai cika ba. Mai sayarwa ta rantse ta cika har da tozo, uwa ma ta rantse da abin da idonta ya gani. Mai yiwuwa dukansu gaskiya suka faɗa. Gwangwanin ne ba ɗaya ba.

To, a ɗakin gwaji ma akwai olonka, sai dai ta ruwa ce. Watau ana narkar da wani sinadari da aka san nauyinsa sarai a cikin ruwa, a cika shi zuwa wani adadi da aka sani sarai, sa'an nan a riƙa auna ƙarfin sauran ruwaye da shi. Shi muke kira ruwan ma'auni. Haɗarinsa kuwa shi ne, in ya karkace, ba ya nunawa. Ɗalibi zai yi awon ɗigo sau uku, amsoshinsa su zo kusan ɗaya, ya yi murna ya ja layi, alhali kuwa dukansu ukun kuskure ne, tun da da karkataccen mudu ɗaya ya auna su. Maimaita awo yana kama rawar hannu, amma ba ya kama kuskuren da aka riga aka zuba cikin kwalba.

Kwalbar da ake wannan aiki da ita littattafan makaranta na kiran ta bolumetirik filas, mu kuwa za mu kira ta kwalbar awo. Cikinta kamar na gora, gindinta shimfiɗaɗɗe, wuyanta dogo siriri, kuma babu layukan lissafi a jikinta sai zobe guda ɗaya tak da ya kewaye wuyan. Adadi ɗaya kawai take aunawa. Duba jikinta za ka ga an rubuta, misali, 250 mL, da 20 °C, da harafin A ko B. Mai harafin A ta mililita 250 ba a yarda ta kauce fiye da mililita 0.15 sama ko ƙasa ba, mai harafin B kuwa an ba ta ninkin haka. Kwatanta wannan da layukan jikin bika, kofin gilashin nan mai baki, waɗanda kan kauce da kashi 5 cikin 100. Sirantakar wuyan ita ce sirrin. Faɗinsa wajen milimita 15 ne, saboda haka tashin ruwa na milimita ɗaya a cikinsa kusan mililita 0.18 ne, ɗigo uku ko huɗu ke nan, kuma ido na iya ganinsa. Ka lura da kyau: wannan milimita ɗayan ya riga ya wuce duk rangwamen da aka yi wa kwalbar mai harafin A.

Azurfar Paris

Mai tambaya zai ce, me ya yi zafi haka a kan ɗigo uku? Amsa tana birnin Paris na ƙasar Faransa, a gidan buga kuɗi da ke bakin kogin Sen.

Dokar 1803 ta ce sulallan faran ɗaya na Faransa giram 5 ne, kashi 900 cikin 1,000 azurfa, saura jan ƙarfe. Hanyar gwada azurfa a wancan zamani ta wuta ce, tsohuwa ƙwarai. A naɗe ɗan gutsuren azurfa da dalma, a sa a wani ɗan kasko na tokar ƙashi, a gasa. Kaskon ya shanye dalmar tare da jan ƙarfen, abin da ya rage a auna. Matsalar ita ce kaskon na shan ɗan azurfa shi ma, wani kuma ya bi iska, har a rasa kashi 4 ko 5 cikin 1,000, kuma hasarar na sauyawa gwargwadon zafin wuta da hannun mai gwaji. A ɗan gutsure wannan ba kome ba ne. Amma faran miliyan ɗaya kilo 5,000 ne, kashi 4 cikin 1,000 na wannan kuwa kilo 20 ne na azurfa, wanda mai ita ya kawo amma awo ya ce babu.

A 1829 aka naɗa Joseph Louis Gay-Lussac, ana faɗin Ge-Lusak, babban mai gwajin azurfa da zinariya a gidan. Shi ne dai mai dokar nan ta iskar gas da kuke haddacewa, an haife shi a 1778 ya rasu a 1850. Ya bar wuta ya koma ga gishiri. Idan aka narkar da azurfa a asid na naitirik, aka zuba ruwan gishiri, sai azurfar ta kama sinadarin kulorin da ke cikin gishirin, ta fito fari kamar madarar da ta tsinke. Giram ɗaya na tsantsar azurfa na bukatar giram 0.542 na tsantsar gishiri. Sai ya haɗa ruwan gishiri wanda mililita 100 nasa ke kwantar da giram ɗaya cif, watau wajen giram 5.42 a kowace lita. Ya kuma haɗa na biyu wanda ya fi na farko rauni sau goma, ta yadda mililita ɗaya ke kwantar da miligiram ɗaya. A zuba na farkon gaba ɗaya, a girgiza har farin ya dunƙule ruwan ya washe, sa'an nan a riƙa ƙara na biyun mililita ɗaya-ɗaya. Muddin gajimare na tashi, da sauran azurfa. Da ya daina, an gama. Gwamnati ta karɓi hanyar a 1830, shi kuma ya buga littafin bayaninta a 1832, gidajen buga kuɗi na wasu ƙasashe suka ɗauka.

Yanzu ka ga inda ɗigo uku suka shigo. Mutumin da ke neman kashi ɗaya cikin 1,000, dukan amanarsa ta rataya ne a kan ruwan gishirin nan. In ya yi rauni da kashi ɗaya cikin 1,000, duk azurfar da ta biyo ta hannunsa ran nan za ta ci wannan kuskuren, ba wanda zai gani. Don haka ne ake gwada ruwan da kansa a kan tsantsar azurfa, har da jadawalin gyara saboda zafin gari. Sunayen buret da fifet da kuke ji a aji ma daga rubutunsa na 1824 suka yaɗu.

Ita kanta litar yarinya ce a lokacin. Dokar 7 ga Afrilu 1795 ce ta kawo ta. Kafin nan Faransa kamar kasuwanninmu take, laba ta Paris wajen giram 489, ta Liyon ba ta kai haka ba, kuma a Liyon ɗin ma siliki na da tasa labar dabam.

Abin da za a narkar

Mu dawo teburinmu. Za mu haɗa mililita 250 na sodiyam kabonet mai ƙarfin mol 0.100 a kowace lita, irin wanda ake auna asid da shi. Wannan sinadari ba baƙo ba ne a gidajenmu, shi ne babban abin da ke cikin kanwa, sai dai kanwar kasuwa gauraye take da gishiri da ƙasa da wasu abubuwa, ba ta yin ma'auni. A nan masu karatun Larabci su ɗan saurara. Kalmar alkali da ke littafin kemistiri ba ta da dangantaka da alƙalin kotu. Namu alƙalin daga al-ƙali yake, watau al-ƙadi mai hukunci, nata kuwa daga al-ƙilyu, tokar wani tsiro da Larabawa ke yin sabulu da ita, kamar yadda iyayenmu ke tsiyayar ruwan toka don sabulun salo. Wani Bafaranshe mai suna Descroizilles ya ƙera bututun auna ƙarfin irin wannan toka a 1806, saboda 'yan kasuwa na gauraya ta, kuma daga irin bututunsa buret ya samo asali.

Lissafin gajere ne. Mol ɗaya na busasshen sodiyam kabonet giram 106 ne. Rubu'in lita muke so, saboda haka 0.100 sau 0.250 sau 106, ya ba mu giram 2.65. Amma karanta takardar jikin gwangwanin tukuna. Akwai irin da ke ɗauke da ruwa goma a jikinsa, mai kama da ƙanƙara, wanda mol ɗinsa giram 286 ne, shi giram 7.15 za a auna. Wanda ya ɗebi giram 2.65 na wannan, ruwansa zai fito 0.037, bai kai rabin abin da ya rubuta a jikin kwalba ba.

Ko busasshen ma yana shan laimar iska, kamar yadda gishirin madafa ke dunƙulewa da damina. Mutanen birnin Liyon sun san wannan ciwo tun kafin ɗakunan gwaji su yawaita. Liyon garin masaƙan siliki ne, zaren siliki kuwa na shan laima sosai ba tare da hannu ya ji ya jiƙe ba, saboda haka mai saye kan biya kuɗin siliki a kan ruwa. A 1805 aka kafa musu gidan awo na hukuma ƙarƙashin majalisar 'yan kasuwar garin. Daga baya tsarin ya zama a ɗebi samfur, a busar da shi ƙarƙaf a cikin tanda mai sikeli, a ƙara kashi 11 cikin 100 a kan busasshen nauyin, wannan shi ne nauyin ciniki ga kowa, ko da damina ko da hunturu. Abin da muke yi ke nan da garinmu. A gasa shi a zafin digiri 270 zuwa 300 na wajen awa ɗaya, a bar shi ya huce cikin tukunyar gilashi mai hana laima, sa'an nan a auna. Wannan ne kuma dalilin da ba a yin ruwan ma'auni kai tsaye da sodar kostik: tana kan sikeli tana shan ruwa da iskar kabon, lambar na hawa kana kallo. Ita sai an haɗa ta kusa-kusa, a zo a auna ƙarfinta da wani ruwan da aka amince da shi.

Wajen awo, shawararmu ita ce kada ka ɓata rabin awa kana cira kana ƙarawa don ka sami 2.650 daidai, garin na shan laima. Sami kusa da shi, ka rubuta abin da sikeli ya faɗa. In ya ce 2.671, ƙarfin ruwanka 0.1008 ne, kuma ba shi da aibi ko kaɗan muddin haka ka rubuta. Aibin shi ne ka auna 2.671 ka rubuta 0.100. Hanya mafi tsabta ita ce ka auna ɗan kwanon da garin a ciki, ka juye, ka sake auna kwanon, bambancin shi ne abin da ya shiga.

Daga bika zuwa zobe

Juye garin a bika mai tsabta, ka zuba tataccen ruwa na tururi kamar mililita 80, ka dama da sandar gilashi har ba ko ƙwaya. Ruwan famfo ko na leda ba ya yi, yana da nasa gishirin. Za ka ji bikar ta ɗan yi ɗumi, bar ta ta huce.

Sa mazurari a bakin kwalbar awo, ka bi da ruwan ta jikin sandar. Kwalbar ba sai ta bushe ba, in dai da tataccen ruwa aka ɗauraye ta, tun da ruwa za a ƙara mata daman. Kuma kada a sa ta a wuta ko tanda don busarwa. Daga nan sai wurin da galibin ɗalibai ke zubar da makinsu ba su sani ba. Bikar da ka juye kamar babu kome a ciki, amma jikinta jiƙe yake da sinadarinka. Ɗauraye ta sau uku da ruwa kaɗan-kaɗan, kowanne ka juye a kwalbar. Ɗauraye sandar, ɗauraye mazurarin ciki da bakinsa na ƙasa kafin ka cire. Mililita ɗaya da ya maƙale daga cikin 80 ɗin nan ya tafi da fiye da kashi ɗaya cikin 100 na abin da ka auna, ninki goma na abin da Gay-Lussac ke fafutuka a kai.

Ƙara ruwa zuwa kashi uku cikin huɗu na cikin kwalbar, ka jujjuya ta a hankali ba tare da ka kife ta ba. Akwai hikima a nan. Ruwa da abin da ya narke a cikinsa ba sa bin lissafin ɗaya da ɗaya biyu. Zuba giram 58 na gishiri a cikakkiyar lita, sai ka sami lita da wajen mililita 18. Haɗa mililita 50 na tsantsar sifirit da 50 na ruwa, sai ka sami wajen 96. Shi ya sa ba a cewa a ƙara ruwa mililita 250, sai dai a ce a cika zuwa 250, kuma shi ya sa ake gaurayawa tun kafin a kai wuya, domin duk ƙaruwa ko raguwar da za a yi ta auku tun da sauran wuri.

Ci gaba da zubawa har saura kamar faɗin yatsa a kai zobe. Dakata minti ɗaya ko biyu ruwan da ke jikin wuyan ya gangaro. Ajiye kwalbar a kan tebur shimfiɗaɗɗe, kai ne za ka durƙusa, ba ita za ka ɗaga ba. Saman ruwa a siririn wuya ba ya kwanciya miƙe, yana lanƙwashewa, gefe sama tsakiya ƙasa, har sunansa a littafi, meniskus, ma'anarsa da Girkanci ɗan ƙaramin wata. Jinjirin wata ke nan a rigingine, kuma gindinsa ake so ya zauna a kan zobe. Amfanin kewayawar zoben shi ne ya gaya maka inda idonka yake: in kana ganin layi biyu, na gaba da na baya, idonka ya yi sama ko ƙasa, sai sun haɗe sun zama ɗaya. Farar takarda a baya na taimakawa. Daga nan da abin ɗiga za ka ƙarasa, ɗigo ɗaya-ɗaya.

In ka wuce zoben, an gama, zubar ka sake. Tsotse rarar ba gyara ba ne, domin abin da ka tsotse ya tafi da sinadari, ba ka kuma san nawa ba.

Maganar 20 °C da ke jikin kwalbar ta shafe mu fiye da Turawa. Gilashin kansa kusan ba ya motsi, ruwan ne ke kumbura: daga digiri 20 zuwa 30 lita na ƙaruwa da wajen mililita 2.6. Ruwan da aka cika yana da ɗumi, in ya huce zai sauka ƙasa da zobe. Wanda aka haɗa da sanyin asubar hunturu a Tamale aka yi aiki da shi da azahar ɗin bazara, ƙarfinsa ya ɗan sauya. Don aikin makaranta ya wadatar a ce sinadari da tataccen ruwa da kwalba duk suna zafin ɗaki ɗaya. Ƙa'idar duniya ma ta yarda a ƙera wa ƙasashe masu zafi kwalabe a kan digiri 27.

Toshe bakin, danne murfin da yatsa, riƙe gindin da ɗaya hannun, ka kife ta har kumfar iska ta hau gindi, ka mayar. Yi haka sau 15 ko 20. Ruwan ƙasa ya fi na wuya nauyi, kuma ta wannan siririn wuya ba ya haɗuwa da girgiza biyu. Wanda ya yi kasala a nan, awonsa na farko zai fito da rauni, na ƙarshe da ƙarfi, ya rasa dalili. Bayan kifewar za ka iya ganin ruwan ya ɗan sauka ƙasa da zobe. Kada ka ƙara ko ɗigo, yana jikin murfi da wuya ne.

In ana son mai rauni sau goma, ba a komawa sikeli a auna giram 0.265, domin ƙaramin nauyi kuskurensa ya fi girma. Dabarar Gay-Lussac ake bi: ɗebi mililita 25 da fifet, zuba a wata kwalbar ta 250, cika zuwa zobe. Shi fifet, saɓanin kwalba, da ruwan da za a ɗeba ake ɗauraye shi, ba a hura ɗigon da ya rage a bakinsa, kuma da robar tsotsa ake ja, ba da baki ba. In kuwa asid mai ƙarfi ne za a sirka, a bika ake farawa, asid ake zubawa cikin ruwa sannu-sannu, ya huce kafin ya ga kwalbar awo.

Ruwan da ke tsufa

Saura abu ɗaya, shi ma Liyon ce za ta koya mana. Alphonse Dupasquier likita ne a babban asibitin garin, Otel-Diye, kuma malamin kemistiri, ya rasu a 1848. A zamaninsa marasa lafiya na zuwa maɓuɓɓugai masu warin ruɓaɓɓen ƙwai neman magani, ana so a san yawan iskar farar wuta da ke cikin kowanne. A 1840 ya fito da hanya yana nazarin ruwan Alebar, wani gari a cikin duwatsu gabas da Liyon: a sa ɗan sitaci a ruwan, a riƙa ɗiga narkakken aidin. Muddin da iskar, tana cinye aidin ɗin. Da ta ƙare, ɗigo na gaba ya haɗu da sitaci, ruwan ya koma shuɗi, irin shuɗin da kuke gani in an ɗiga aidin a yankan doya. Daga nan awon ɗigo da aidin ya fara.

Sai dai aidin ba gishiri ba ne. Yana bin iska, haske na taɓa shi, ƙarfinsa na sauyawa yana zaune a kwalba. Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin tun 1996 dokar Ghana ta wajabta sa aidin a gishirin ci don kare mutane daga maƙoƙo da dakushewar ƙwaƙwalwar yara, kuma da wannan shuɗin na sitaci ake gwada gishirin, ana ɗiga ruwan sodiyam tayosalfet har launin ya ɓace. Shi ma tayosalfet ɗin na raguwa da kwanaki. In ya yi rauni, sai a ɗiga da yawa kafin shuɗin ya ɓace, lissafi ya nuna aidin ya wadata a gishirin da bai kai ba, a sake shi kasuwa.

Saboda haka kwalbar awo ba ma'aji ba ce. Juye ruwanka a wata kwalba da ka ɗauraye da shi kansa, ta roba ga sodiyam kabonet domin yakan liƙe murfin gilashi, mai duhu ga aidin. Rubuta sunan sinadari, da ƙarfinsa na gaskiya, da ranar haɗawa, da sunanka. Wanda ya kwana biyu, a sake auna shi kafin a auna wani abu da shi.

Ga aikin gida. Na ɗaya, giram nawa na tsantsar gishiri za ka auna don haɗa mililita 500 na ruwan Gay-Lussac na farko? Na biyu, ɗaliba ta narkar da giram 2.65 na busasshen sodiyam kabonet, ta wuce zoben kwalbar 250 da mililita 2, ta ƙi zubarwa. Mene ne ƙarfin ruwanta, kuma asid ɗin da za ta auna da shi, lissafinta zai nuna ya fi ƙarfinsa na gaskiya ne ko ya gaza? A kawo amsa a rubuce, da lissafin a bayyane, kafin fitowa ta gaba.